Gyaran tsohon gida: a sallami rufi da danshi kafin a yi zancen tayil

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili a wannan jarida mu yi magana kan gyaran tsofaffin gidaje, tunda damina ta ɗauke, duk lungun da ka shiga sai ka tarar an juye yashi a ƙofar wani gida. Mu masu sana'ar gini ne, kuma abin da ya fi damunmu shi ne yadda ake juya aikin, na ƙarshe ya koma farko. Biki ya matso, mai gida ya shimfiɗa tayil ya sha fenti. Bayan wata uku a zo a farfasa tayil ɗin don binne bututun banɗaki, ko ruwan Agusta ya sauko ta silin ya wanke fentin. Kuɗi ɗaya, biya biyu.

Kafin a sayi ko buhu ɗaya na siminti, a zagaya gidan da wanda ya san gini. Tsagar bango iri-iri ce. Siririya kamar gashi a jikin filasta ba abin tashin hankali ba ce. Wadda ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, bakinta ya fi faɗi a gefe ɗaya, ita ce ke nuna harsashi yana zama. A shafa ɗan siminti a kanta, a rubuta kwanan wata a gefe, a bar shi mako huɗu zuwa shida. In shafen ya tsage, ginin yana motsi har yanzu, kuma toshe tsagar ɓata kaya ne sai an gano abin da ke jiƙa ƙasan: bututu mai yoyo, kwata, ko sokawe da aka haƙa dab da bango.

Danshi shi ne ciwon da aka fi yi wa maganin banza. Za ka ga fenti ya kumbura daga ƙasa zuwa gwiwa ko ƙugu, farin gari kamar kanwa yana zuba. Tsofaffin gidaje da yawa ba a shimfiɗa leda ƙarƙashin daɓensu ba, ga shi kuma ana ta ciko a layi har titi ya fi tsakar gida tudu, ruwa ya sami wurin kwana. Abin da mutane ke yi shi ne su manna tayil a bangon. Tayil ba ya kashe danshi, hanya kawai yake toshe masa, sai ya hau ya ɓullo a saman inda tayil ya tsaya. Gyaran gaskiya: a sassaƙe filasta har a wuce alamar danshin da kamar ƙafa ɗaya, a bar bangon tsirara ya sha iska makonni, a sake filasta da maganin hana ruwa a cikin kwaɓin, sannan a zuba daɓen kankare mai faɗin ƙafa biyu zuwa uku a gindin bangon ta waje, a karkatar da shi ruwa ya gudu. In ginin ƙasa ne, a yi hattara da filastar siminti mai ƙarfi. Siminti da jar ƙasa ba sa kama juna. Ruwa yana shiga tsakaninsu, ka ƙwanƙwasa ka ji kamar ganga, wata rana ɓangare guda ya ɓalle da rabin bangon. Magina na da suna yaɓe da makuba ko laso don bangon ya riƙa numfashi. Wanda ya nace sai siminti, a kafa ragar waya da ƙusa tukuna, kwaɓin ya zama mai sauƙi, kuma bakin rufi ya fito sosai ya yi wa bangon laima.

Sai maganar ɗora bene da fasa bango don faɗaɗa falo, inda ake rasa rai ba kuɗi kaɗai ba. Gidan da aka gina don ya tsaya a ƙasa, galibi harsashinsa ba shi da fila ko ɗaya. Kada kowa ya amince da "ai ginin da ne, zai ɗauka". A haƙa rami a kusurwoyi biyu ko uku a ga zurfi da faɗin harsashin da ido, a kira injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya yi lissafi, a nemi izinin hukumar tsara birane, wadda a Kano ita ce KNUPDA. Bangon da ke ɗauke da rufi ko dakin, wato rufin kankare, ba a sa masa guduma sai an tokare sama da katako ko ƙarfe, an zuba bim, wato kankaren da ake gittawa ya ɗauki nauyin sama, ya yi ƙwari. Kwaɓin kankare na fila, bim da dakin kada ya gaza kashi 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Da kwanon sarki, buhu ɗaya mai kilo 50 kwano biyu ne, ke nan kwano 4 na yashi da 8 na tsakuwa. Leburori suna son ƙara ruwa don shebur ya yi sauƙi, kuma ruwan nan shi ke cinye ƙarfin kankare. Rodi mai 12mm ko 16mm, a auna kaurinsa a wurin saye, domin akwai wanda sunansa 12 amma jikinsa bai kai ba. A sa 'yan duwatsu ko gutsuren kankare ƙarƙashin rodin ya ɗagu kamar inci ɗaya, in ba haka ba zai leƙo ta ƙasan dakin ya yi tsatsa ya fasa shi. Ban ruwa safe da yamma kwana 7 aƙalla, kuma tokaren ƙarƙashin dakin ya kwana 21 kafin a taɓa shi, ko da mai hayar katako yana ƙofar gida yana jira. Wani abu kuma da ba na siminti ba: tagar bene da ke kallon tsakar gidan maƙwabci. A sasanta wannan tun a takarda. Haka gidan gado, duk magada su sa hannu kafin wani ya zuba kuɗinsa.

Daga nan rufi. A duba katakon, domin gara tana cin cikinsa ta bar fatar. A soka ƙusa, in ta shige ba gardama a canza shi, sabon kuma a shafe shi da maganin gara kafin ya hau. Tsohon silin ko rufin asbestos kada a farfasa shi a bushe, ƙurarsa tana lalata huhu. A jiƙa, a cire falle-falle. Bayan rufi sai wayarin da famfo, duk abin da za a binne. Waya 1.5mm ta fitila ce, 2.5mm ta soket, na'urar sanyaya ɗaki da hitar ruwa kowacce layinta daban da 4mm. Bututun masai inci 4, ya gangara kamar inci ɗaya a kowace ƙafa uku zuwa huɗu. A cika bututun ruwa a bar shi kwana ɗaya kafin a rufe, a kuma ɗauki hoton bangon da wayar salula, don kada a huda abin da aka binne ranar da za a kafa ƙusa. Sokawe ya yi nesa da rijiya iyakar abin da fili ya bari, mita 30 ake so. Sai filasta, buhu ɗaya kwano 10 zuwa 12 na yashi mai laushi. Iskar hunturu tana busar da ita kafin ta kama, don haka a riƙa yayyafa ruwa kwana uku zuwa bakwai. Fenti ya jira mako uku ko huɗu.

Zama a gidan ana aiki yana yiwuwa in an raba shi biyu. A gama sashe ɗaya iyali su koma, sannan a taɓa ɗayan. Dole a kowane lokaci a sami banɗaki ɗaya mai aiki da wurin girki, ko da rumfar kwano ce. A gidan da mata ke ciki, gara a fasa ƙofar wucin gadi ta baya don ma'aikata, a kewaye tsakani da zana ko buhu, da a wuni ana sallama ana jiran a kimtsa. A rataya leda mai kauri a ƙofofin ɗakunan kwana, mai asma da jariri kuwa su tafi gidan dangi ranakun fashe-fashe. Duron ruwa da ramin sokawe a rufe su kowace yamma, yaro ba ya buƙatar ruwa mai zurfi kafin ya nutse. Katako mai ƙusa a tattara shi wuri guda kafin ma'aikata su tashi. Siminti a ɗora shi kan katako nesa da bango, kada jerin ya wuce buhu 10, kuma kada a saye shi da yawa don gudun tashin farashi ya kwana wata uku ya daskare.

A ɓangaren kuɗi, tsohon gida sai an buɗe shi ake sanin cikinsa, shi ya sa muke ba da shawarar a ware kashi ɗaya cikin biyar na kasafin a ɓoye. Jinga ta fi aikin yini, amma a rubuta ta: wane ɗaki, wane aiki, wa zai kawo ruwa, wa zai kwashe ɓaraguzai. A biya kashi-kashi bayan an ga aiki. Mai rufi kuwa a yi yarjejeniya da shi tun farko cewa za a riƙe wani abu daga kuɗinsa har ruwan farko ya sauka, mai gida ya hau silin da tocila ya duba.

Wassalam.

Daga wasu masu sana'ar gini, Kano