A daina kiran mata taron sulhu don su yi guɗa kawai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum, sannunku da aiki. Don Allah ku ba ni ɗan fili in yi magana kan yadda ake tarukan zaman lafiya a nan jihar Tawa, don abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Duk wanda ya san Adar ya san da an gama girbi samari da magidanta sun kama hanyar ci-rani, wasu Abijan wasu Libiya wasu Aljeriya, gari ya koma hannun mata da tsofaffi da yara har sai damina ta ƙarato. To wa ke bakin rijiya in garke ya zo shan ruwa, wa ke fara ganin dabbobi sun bar burtali sun faɗa gonar da ba a gama kwashe dawa ba? Ai mace ce. Ita ke sayen nono hannun Bafulatana, suna cinikin ƙwarya suna hira, nan take jin cewa an ci wane tara mai yawa kuma yaransa sun yi rantsuwa ba za su bari ba, tun maganar ba ta kai kunnen maigari ba. Amma ran da aka kira taron sulhu sai ka ga manya a kan kujeru cikin rumfa, mata can baya a tabarma sanye da anko, a ba ɗaya makirfo minti biyu ta yi godiya, a yi guɗa a ɗauki hoto a watse. Haba jama'a.

Ba mu manta da Bangi ba cikin yankin Madawa, a 2016 rikicin manoma da makiyaya ya ci kusan mutum 20, kuma da mata da yara cikin waɗanda aka rasa. Tun 1993 muke da dokar filayen karkara ta Code rural, da kwamitocin filaye da muke kira kofo har matakin ƙauye, kuma akwai gurbin wakiliyar mata a ciki, sai dai a wurare da dama suna ne kawai a takarda, wata ma ba a gaya mata ranar zama.

Masu cewa mace ba ta iya wannan aiki su tuna da Fatimata Bazeye Salifu, shugabar kotun tsarin mulki a 2009, kotunta ta ce wa shugaba Tanja zaɓen raba gardamar tazarce ya saba doka, har aka rusa kotun ba ta canza magana ba. Ranar matan Nijar ta 13 ga Mayu ma da muke bikinta duk shekara ba kyauta aka ba mu ba, a 1991 mata ne suka cika titunan Yamai don mace ɗaya tak aka sa cikin kwamitin shirya babban taron ƙasa, sai da aka ƙara musu kujeru. Dokar kason mata ta 2000 ta fara da kashi 10 cikin ɗari a muƙaman zaɓe, a 2019 ta kai 25, na naɗi kuma 30. Yanzu da babu majalisar dokoki zaɓaɓɓiya tun juyin mulkin 2023, kuma an rusa majalisun ƙananan hukumomi a 2024, kujerun da mata suka samu ta ƙuri'a sun tafi, saura naɗi, to a naɗin ma a riƙa tunawa da 30 ɗin nan mana.

Ni dai roƙona ga gwamna da prefe-prefe da sarakunanmu iyayen ƙasa da hukumar ƙarfafa zaman lafiya ta HACP ƙarami ne. Kusan ba ƙauyen da babu ƙungiyar asusu irin ta Mata Masu Dubara, mata ne da suka saba riƙe kuɗin jama'a, suna ba da rance suna karɓa, suna raba faɗa tsakaninsu ba tare da an kai jandarmari ba. A bar su su zaɓi wakiliyarsu da kansu, kar a ɗauko matar wane don mijinta babba ne, a sa da matan rugga a ciki, kuma in za a tsayar da ranar sakin gonaki ko a ƙiyasta ɓarna a kira su tun farkon zama, a sa lokacin da ba na ɗiban ruwa ko girki ba.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Wata mai karanta jaridarku,
daga Tawa