Haruffan da Ke Gaban Sunanka

Babana,

Assalamu alaikum. Wasiƙarka ta iso ranar Talata, duk muna lafiya, alhamdulillahi. Kafin mahaifiyarka ta buɗe ambulan sai da ta tsaya tana duban bayansa, tana tambaya wa ya ƙara maka SR a gaban sunan da aka raɗa maka. Na ce mata kurtu ke nan, matakin farko, E-1. Ni ma haka aka rubuta mini lokacin da nake nan Great Lakes, sansanin horar da kuratan sojan ruwan Amurka, sanyin tafkin Mishigan yana ratsa ƙashi. Tunda waɗannan haruffa za su bi ka har ranar da ka ajiye kaki, gara ka ji bayaninsu daga bakina.

Sojan ruwan Amurka ya bambanta da na ƙasa. Can a kan ce kofur ko saja a wuce. Ku kuwa sana'arku a haɗe take da muƙaminku, kamar yadda a gida ake cewa Sarkin Maƙera ko Sarkin Fawa. Haruffan farko sana'a ce. BM shi ne mai kula da igiyoyi, anga da ƙananan kwale-kwale, QM mai duba hanya da taswira, GM mai bindigogi, CS mai dafa abinci, EM kuma mai gyaran lantarki, wato aikin da na yi shekara 20. Kai ka zaɓi HM, aikin jinya, sashen da aka kafa tun 1898. In ka gama nan za su tura ka San Antoniyo a Teksas koyon aiki, kuma a mataki na uku za a rubuta maka HN maimakon SN ɗin da ake rubuta wa irin su BM.

Lambar da ke biye ita ce take rikita mutanen gida, don a juye take. HM3 shi ne ƙarami, E-4, HM2 na gaba da shi, HM1 ya fi su. Ranar da ka zama HM3 za ka ɗinka mikiya a hannun rigarka na hagu, wadda ma'aikatan jirgi ke kira hankaka. Bayan 1 babu sauran lamba, sai harafin C, wato Cif, E-7, muƙamin da ya samo asali a 1893. Wanda ya kai nan yakan koma kakin ruwan ƙasa da alamar anga. CS a ƙarshe E-8 ne, CM kuma E-9. Ka kula, CS a farkon suna mai girki ne, a ƙarshe kuwa babban Cif. Kada ka ce wa Cif "yallaɓai" irin ta hafsoshi, Cif ɗinsa za ka kira shi.

Kada ka ɗauka mutane ba su damu da waɗannan sunaye ba. A watan Satumba na 2016 shugabannin rundunar sun soke su, aka ce a riƙa kiran kowa da muƙami kawai. Sama da mutum 100,000 suka sa hannu a takardar koke, kafin Disamba ta ƙare aka mayar da su. Duk wanda ya ci shekaru a ɗakin inji ya san dalili.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne haruffan da ake sawa cikin baka biyu a ƙarshe. SW na wanda ya ƙware a jirgin saman ruwa ne, AW na sashen jiragen sama, SS na jirgin ƙarƙashin teku, masu lambar kifin dolfin a ƙirji. FMF na irinku ne da ke aiki tare da sojojin Marin, masu sauka daga jirgin ruwa su yi yaƙi a tudu, waɗanda ke kiran mai jinyarsu Dok, wato dokta, in sun yarda da shi. Muƙami yakan zo da shekaru da jarrabawa da samun gurbi. Waɗannan kuwa sai ka bi su da ƙafa. Za a ba ka littafi cike da layuka, kowane layi sai wanda ya iya abin ya nuna maka, ya tambaye ka, sannan ya sa hannu. A ƙarshe ka zauna gaban manya su yi maka tambayoyi baki da baki.

A nan na yi kuskure. Ina EM2 na matsu in ga SW a bayan sunana, sai na kai wa wani abokina littafin a wurin cin abinci ya cike mini shafin kashe gobara, ban taka ko'ina ba. Ranar zama wani tsohon Cif ya rufe littafin, ya ce in tashi in kai shi wurin bawul ɗin da zan rufe in bututun ruwan kashe wuta ya fashe a sashen da nake kwana. Muka sauka matakala biyu, na tsaya ina duban jajayen bututu, zufa na karyo mini. Bai ɗaga murya ba. Ya ce mutum nawa ke barci a ɗakin nan, na faɗa masa. Ya miƙo mini littafin ya tafi. Wata huɗu na yi ina bin bututu da tocila, ina shafa kowane bawul da hannuna, kafin na koma gabansu. Shi ne ya ba ni labarin gobarar jirgin Forrestal a 1967, inda mutum 134 suka rasu. Ƙwararrun masu kashe wuta na cikin waɗanda suka fara mutuwa, aikin ya faɗa hannun waɗanda ba su da horo.

Naka ma ya fi nawa nauyi, Babana. Ni waya nake taɓawa, kai jinin ɗan wani za ka tsayar. Layin da aka ce ka iya ɗaure jijiya, ka ɗaura har hannunka ya saba ko a cikin duhu, sannan ka karɓi sa hannu. Kuma ranar da wani yaro ya kawo maka nasa littafin, ka tashi ka kai shi ya gani da idonsa, ko da ka gaji.

Ka nemi malamin addini na sansanin a kan maganar sallar Juma'a da abinci, haƙƙinka ne. Ka aiko da ranar yaye ku da wuri don mu nemi masauki kusa da Shikago. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka a tudu da ruwa.

Mahaifinka