Wasiƙa daga Nottingham

Nottingham,
26 ga Mayu, 2025.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali da su Hajiya. Mu nan alhamdu lillahi, sanyi ya ɗan sassauta.

Kai kaɗai ne za ka fahimci abin da ke raina, domin kai ne muka sha rana tare a filin makaranta muna kurket da sandar da aka ɗaure da roba. Ranar Juma'a da Asabar na je filin Trent Bridge da ke nan Nottingham kallon wasan kurket tsakanin Zimbabwe da Ingila. Rabon da ƙasashen nan biyu su haɗu a doguwar karawa ta Test tun 2003. Shekara 22 ke nan! Da aka gayyaci 'yan Zimbabwe ma, wasa ɗaya tal aka ba su, na kwana 4, kuma bai kai ƙarshen kwana na 3 ba.

Tun ranar farko aka yi musu dukan kawo wuƙa. Ingila ta tara maki 498 kafin rana ta faɗi, Crawley da Duckett da Pope kowa ya haura 100. Ga shi mai jifan Zimbabwe Richard Ngarava ya ji ciwo a baya, aiki ya koma kan Blessing Muzarabani da sauran. Washegari Ingila ta ce ya ishe ta a 565, ta bar wa Zimbabwe bugu.

Sai yaron nan Brian Bennett ya shigo, ɗan shekara 21. Wallahi da ka gan shi! Babu tsoro ko ɗigo a jikinsa. A jifa 97 ya cika 100, abin da babu ɗan Zimbabwe da ya taɓa yi da sauri haka a Test. Wata dattijuwa kusa da ni, ta yafa tutar ƙasarsu a kafaɗa, ta miƙe tana waƙa da yarensu, hawaye na zuba. Ban san ma'anar waƙar ba, amma na tsinci kaina ina tafa mata. Ya tsaya a 139, duk ƙungiyar ta ƙare a 265, aka sa su sake shiga bugu nan take. A yammacin nan dai aka fitar da shi da maki 1. Jikina ya yi sanyi.

Ranar Asabar Sean Williams ya yi 88, Sikandar Raza 60, sannan mai jifan Ingila Shoaib Bashir ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana fitarwa har mutum 6. An kayar da su da zagaye guda da maki 45, wato makin bugunsu na zagaye biyu bai kai na zagaye ɗaya da Ingila ta buga ba.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne masu cewa ba su cancanci zuwa ba. To a ina za su koya? Ba sa cikin gasar Test ta duniya, manyan ƙasashe ba sa son karawa da su don babu riba, sannan a kawo su filin da ƙwallo ke lanƙwasa a iska yadda ba su saba ba, a ce su yi abin mamaki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka tuna 'yan matanmu 'yan ƙasa da 19 da suka doke New Zealand a Malesiya a watan Janairu. Tsorona kada su ma a bar su su bushe don rashin wasa.

Na saya wa babban ɗanka ƙwallon fata ja, zan ba mai zuwa Kaduna. Ka gaya mini ko har yanzu yana jifa da hagu.

Naka har kullum,
Amininka.