Wasiƙa daga Niyok: a faɗa wa Inna ba gidan rawa ba ne

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa, shi ma da sauƙi.

Na turo dala 400 ta hannun mutuminmu kamar kullum. Dala 150 na maganin Inna ne, kada a taɓa ko da wane dalili. Dala 100 kuɗin makarantar Auta, ka kai da kanka ka karɓo rasit, kada ka ba shi a hannu. Abin da ya rage a sayi masara da gero yanzu da kaka, tun ba su tashi ba.

Sai maganar da ta hana ni barci. An ce Gwaggo ta je ta samu Inna, wai na shiga bariki, a gidan rawa nake kwana, shi ya sa kuɗin wancan watan suka yi jinkiri. Wai har Inna ta yi kuka. Duk saboda ɗan bidiyon da na ɗora a WhatsApp! Haba Yaya, da girmana? Mota ce ta kwana biyu a gareji, iyakar dalilin ke nan.

Wurin da kuka gani makaranta ce, sunanta Manhattan School of Music, a kan titi na 122 dab da unguwar Harlem, ta haura shekara 100 da kafawa. Kiɗa da waƙa ake koyarwa a ciki, kuma digiri ake bayarwa, har digirin digirgir. Wani ɗalibi na ɗauka a mota, yana jan wani abin kiɗa mai kama da goge amma ya fi ni tsawo, bas suke ce masa, sai da muka kwantar da kujera ya shiga. Yaron mai ladabi, shi ya ce in zo in ga wasansu, ba a biyan ko sisi. Na yi magariba a masallacin titi na 116 na taka na je.

Ɗaki ne madaidaici da kujeru a jere. Babu kwalba, babu hayaƙi, babu mai rawa, yawanci iyaye ne da tsofaffi masu furfura. Su biyar suka fito: mai fiyano, mai ganguna, yaron nan mai bas, da masu busa biyu, ɗaya ƙaho, ɗaya saksofon. Jaz ake kiran kiɗan. Mai ƙaho ya ƙyasta yatsu ya ƙirga, suka ɗauki uwar kiɗan tare. Daga nan sai a bar wa mutum ɗaya fili, ya ƙago nasa nan take daga ka, ba takarda, sauran suna riƙe masa daga ƙasa. In ya gama a tafa masa, na gaba ya karɓa. Da farko na ɗauka kowa harkar gabansa yake yi, sai na lura suna satar kallon juna, da ɗaga gira kawai wani ya san lokacinsa ya yi. Mai busa saksofon ɗin yarinya ce 'yar ƙarama, amma in ta cika kumatu sai ka ji har cikin ƙirjinka. Mai ganguna kuma ya ajiye sanduna ya ɗauko wasu 'yan tsintsiyoyin waya yana shafa fatar a hankali, shuu shuu, daga baya suka shiga ba-ni-in-ba-ka da masu busa, su yi kaɗan ya mayar musu. Nan ne ƙafata ta fara motsi ba da izinina ba, nan na ɗauki bidiyon da ya jawo mini. Can baya malaminsu na zaune da biro yana rubutu, ashe jarrabawa ce.

Da aka tashi wani dattijo baƙar fata ya ji daga Najeriya nake, ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce kiɗan nan a New Orleans aka haife shi, wajen jikokin bayin da aka kwaso daga ƙasashenmu, akwai fili can da ake kira Congo Square inda suke taruwa ranar Lahadi su buga ganga. Ya nuna mini hoto a wayarsa: Louis Armstrong, babban mai busa ƙahonsu, tare da Sardauna a Kaduna a 1960. Ka nuna wa Gwaggo in na turo. Ko Gamji ma ɗan bariki ne?

Wallahi da na fito sai gida ya faɗo mini. Na zauna cikin mota na kasa tayarwa. Ga ni ina sauraren kiɗa, uwata na kwance, ban san wanda ke kama ta zuwa bayi ba. Amma bar wannan.

Abin da nake so ka duba shi ne Auta. Na ji ka fasa masa kalangun da ya aro, har ka yi masa dukan tsiya. Na san Baba, Allah ya jiƙansa, bai so a ce ɗansa maroƙi ba, kuma ban ce a sake shi ya bi 'yan biki dare da rana ba. Amma na ga yara sa'o'insa da iyayensu ke biyan kuɗi mai ciwo don su koyi abin da shi ya iya ba malami. Ka biya mai kalangun kayansa daga kuɗin hatsi, zan cike a wata mai zuwa. Sharaɗina ɗaya: ya ci jarrabawarsa, ya riƙe salla. In ya faɗi, ni da kaina zan hana.

Na sake faɗa, kuɗin makaranta kada su bi ta hannunsa, na magani kuma kada a ara wa kowa, ko Kawu ne. Maganar takarduna ana nan ana bi, kada a tambaye ni ranar zuwa tukuna.

Ka karanta wa Inna wannan da bakinka, ka tsallake wurin da na ce na zauna cikin mota. Ka ce ta yafe mini, ta ci gaba da sa mini albarka. Ranar Juma'a bayan la'asar ɗinku zan kira, a caja wayar. Ka gaida Gwaggo ita ma, da matarka da yara.

Wassalam,
Ƙaninka