Ɗan kunkurun da aka shigar ɗaki: ina ranarsa, ina raminsa?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan wani kiwo da na ga yana shiga ran samarinmu a nan Damagaram, wato ajiye ɗan kunkuru a cikin ɗaki, a akwatin gilashi ko na katako, da ƙwan fitila rataye a kansa. Kunkuru a gida ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A gidan kakana da ke Birni akwai wani tsohon kunkuru wanda aka ce ya girmi mahaifina, kuma ban taɓa ganin an kashe masa ko dala ba, sai dai a watsa masa ciyawa da harawa, shi kuma ya haƙa raminsa a gindin katanga, har ya kusa kayar da ita a wata damina. Abin da ya sauya shi ne gidajen. Tsakar gida ta koma siminti, ɗakuna sun koma tayil, wasu ma da na'urar sanyaya ɗaki, ita kuwa dabbar tana nan da halittarta ta tun asali.

Ba daga littafi na fara sanin wannan ba. Shekara biyu da suka wuce ɗana ya zo da wani ɗan kunkuru da bai cika tafin hannu ba, ya sa shi a akwatin gilashi kusa da taga, ya zuba masa busasshen yashi, yana mai cewa ai dabbar hamada ce, ba ruwanta da danshi. Ni ma na yarda da hujjarsa, don a ido ta yi kama da gaskiya. Da hunturu ya kankama, wata safiya ya same ni ya ce: "Baba, kwana huɗu ke nan bai taɓa abinci ba." Na ɗauke shi na duba, sai na ga idanunsa a rufe, ƴar kumfa tana fitowa daga hancinsa, da na danna ƙoƙon bayansa da yatsa kuma sai ya lotsa kamar ɗanyen duma, alhali ya kai lokacin da ya kamata ya yi ƙwari. Wani likitan dabbobi da muka kai wa shi ne ya warware mana kuskurenmu, kuma abin da ya faɗa ya dace da abin da na bincika daga baya.

Kunkuru ba ya samar wa jikinsa ɗumi kamar akuya ko kaza. Daga waje yake samu, kuma idan jikinsa ya yi sanyi abinci ba ya narkewa a cikinsa. Bayan ɗumin, a cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, wanda ake kira UVB, kuma da shi ne fatar kunkuru ke haɗa bitamin D3, wanda in babu shi jiki ba zai iya ɗaukar sinadarin kalsiyam daga abinci ya gina ƙashi da ƙoƙo ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne gilashin taga yana tare kusan dukkan wannan hasken. Ke nan kunkurun ɗana ya yi watanni yana kallon rana ba tare da ya amfana da ita ba. Ƙwan fitilar da muke sa wa a ɗaki, wanda muke ce wa ampul, shi ma ba ya ba da UVB. Sai an nemi na musamman da aka yi domin dabbobi masu rarrafe, a rataye shi bisa tazarar da aka rubuta a kwalinsa, ba tare da gilashi ko roba a tsakani ba, a kunna shi kamar awa 12 a yini, a kashe da dare. Irin wannan ƙwan kuma ƙarfinsa yana raguwa tun yana ci gaba da haske, don haka ake sauya shi bayan wata 6 zuwa 12.

A nan ne nake ganin samarinmu suna kwaikwayon abin da ba nasu ba. Mutumin Faransa ko Jamus da ke sayen waɗannan fitilu yana yi ne don ba shi da zaɓi, rana tana yi masa rowa rabin shekara. Mu kuwa da muke kuka da yawanta, me zai sa mu kashe jakkuna a kan abin da Allah Ya ba mu kyauta? Awa ɗaya ko biyu na hantsi a tsakar gida, a cikin ɗan shinge mai inuwa a gefe guda, da ido a kansa saboda shaho da mage da kare, sun fi kowace fitila. Sai dai kada a fitar da shi rana yana cikin akwatin gilashi ko roba, musamman a Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, domin akwatin yakan zama tanda, kuma ɗan kunkuru yana iya mutuwa a ciki kafin a gama shan shayi.

Game da ɗumi, abin da ake so shi ne akwatin ya kasance da ɓangare biyu: gefe guda mai zafin da ya kai kamar digiri 35 inda zai sha ɗumi, ɗaya gefen kuma wajen digiri 26 zuwa 28 inda zai koma ya huce, shi da kansa zai riƙa zaɓa. A sa ma'aunin zafi daidai tsayin bayansa, kada a dogara da tafin hannu. Haɗarin da ya fi kusa da mu shi ne daren Disamba da Janairu, lokacin da sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15, ga kuma tayil da ke ɗaukar sanyi kamar randa. Ƙaramin kunkuru bai kamata ya kwana a ƙasa da digiri 20 ba, kuma irin namu na Sahel ba ya dogon barcin sanyi kamar wasu na Turai, saboda haka wanda ya ga nasa ya lafe a hunturu kada ya ɗauka hutu yake yi. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a nisanta shi daga taga da na'urar sanyaya ɗaki. Idan an ɗauke wuta, kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma tana taimakawa har asuba. Kaskon garwashi a rufaffen ɗaki kuwa kada a kusance shi, don iskar da yake fitarwa tana kashe mutum ma, balle dabbar da ke kwance a ƙasa.

Maganar laima, wato danshin da ke cikin iska, ita ce ta fi wuyar shiga kan mutane, kuma ita ce ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Gaskiya ne babban kunkurun Sahel, wanda masana ke kira Centrochelys sulcata, yana rayuwa a busasshiyar ƙasa tun daga Senegal har Sudan, har da yankin Termit da ke arewa maso gabas da mu. Amma ba a saman yashi yake wuni ba. Rami yake haƙawa mai tsawon mita da yawa, ya shige inda ƙasa take da sanyi da danshi, ƴaƴansa kuma galibi da damina suke ƙyanƙyashewa, lokacin da ciyawa take kore. Iskar ɗakunanmu a Fabrairu da Maris, wadda laimarta kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, wadda take fasa mana leɓe da kaushi, ita ce muke barin jaririn kunkuru a cikinta dare da rana, sannan mu ƙara masa fitilar da ke ƙara busar da shi. Sakamakon shi ne ƙishirwar da ba a gani, da duwatsu a mafitsara, da ƙoƙon baya da ke tasowa tudu-tudu maimakon ya yi sumul, kuma tudun da ya riga ya fito ba ya komawa.

Maganin ba shi da tsada. A zuba ƙasar gona gauraye da ɗan yashi, mai kaurin da zai iya binne kansa, a kifa fasasshiyar tukunyar ƙasa a matsayin ɗaki, a riƙa yayyafa ruwa a ƙarƙashinta yadda ƙasar za ta yi danshi ba taɓo ba. A ajiye masa ruwan sha a faranti marar zurfi, a kuma riƙa tsoma shi a ruwa mai ɗumi-ɗumi da bai wuce haɓarsa ba na kamar minti 15, kullum idan jariri ne. Na san darajar ruwa a garin nan, amma duk wannan bai kai buta ɗaya ba. Sharaɗi guda ne: danshi ya tafi tare da ɗumi, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa a daren sanyi ita ke kawo ciwon numfashi.

Ya kamata kuma mai sha'awa ya sani cewa wannan ɗan abin da ke tafin hannunsa shi ne na uku a girma cikin kunkurun tudu na duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra, yana iya wuce kilo 50, yana kuma iya rayuwa fiye da mai shi, don haka zaman ɗaki na ƴan shekarun farko ne kawai. Yawansa a daji yana raguwa, cinikinsa tsakanin ƙasashe ma yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai ƙayyade cinikin namun daji, shi ya sa nake shawartar duk wanda aka yi wa tallan wanda aka kamo daga daji ya fara tuntuɓar ma'aikatan gandun daji kafin ya sa hannu a aljihu.

Namu dai Allah Ya yi da sauran kwanansa. Ƙoƙon ya yi ƙwari, ƴan tuddai huɗu na nan a bayansa. Bayan damina muka fasa siminti a wani lungu na tsakar gida muka zuba ƙasa, kuma a makon jiya ya fara haƙa. Na sa ɗana ya jera duwatsu tsakaninsa da katanga.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridarku albarka.

Mai karanta ku,
daga unguwar Birni, Zinder