Godiya ga mai gareji da yaransa a Ardmore, jihar Oklahoma

Ranka ya daɗe mai gareji, da kai da samarin nan biyu da ke aiki ƙarƙashinka, ina gaisuwa. Na san ba ka jin Hausa, 'yata ta yi alkawarin za ta fassara maka ta aika ta waya, amma na zaɓi in rubuta da harshena ne don 'yan uwana da ke zaune Dallas da Irving da Arlington a jihar Texas masu yawan bin babban titin I-35 su san irin mutanen da ke bakin hanyar nan, don wallahi abin da kuka yi mana ranar Juma'ar nan ya fi ƙarfin in ce na gode a baki in wuce.

Ga waɗanda ba su san zancen ba, 'yar tawa shekararta 13, tana buga sofbol a wata ƙungiyar 'yan mata ta unguwa, rukunin 'yan ƙasa da 14. Ba albashi ba komai, mu iyaye ne ke biyan kuɗin rajista da riguna da mai da otal, kocin ma sa kai yake yi, yana da aikinsa na ofis. Wasan ɗan uwan besbol ne, sai dai ƙwallon ta fi girma, inci 12 ce kewayenta, launin ruwan ɗorawa mai ƙyalli, kuma duk da sunan yana nufin mai taushi, wanda ta taɓa samu a ƙwauri ya san ƙarya ce. Mai jifa ba ta sama take jefowa ba, juya hannu take yi gaba ɗaya kamar fanka ta sako ta ƙasa daga nisan ƙafa 43, kafin ka ƙifta ido ta isa hannun mai cafka. To 'yar tawa mai jifa ce, kuma masu jifa biyu kacal gare su a ƙungiyar, ɗayar ma tana fama da kafaɗa, ka ga kenan in ba mu isa ba an shiga uku. Hajiyata da ke Kano har yau in mun yi waya sai ta ce wai jikarta na nan na wasan 'yar sanda, na gaji da bayani na bar ta a haka.

Gasar ta ƙarshen mako ce a Oklahoma City, wasan farko ƙarfe 8 na safiyar Asabar. Tafiyar mil 200 da ɗan wani abu ce daga gida, awa uku in hanya ta yi kyau. Ina saukowa daga Juma'a muka loda tsohuwar motata mai kujera bakwai, ni da uwargida da 'yar da ƙawayenta biyu, ɗaya ita ce mai cafkar ƙungiyar da uwar jakarta mai kamar ta mai shirin aikin hajji, ga bokitin ƙwallaye, ga rumfar tanti, ga kula cike da ƙanƙara da dambun nama da uwargida ta kwana tana yi. Go-sulo ya ɗan riƙe mu a Denton inda rassan titin I-35 biyu ke haɗuwa, muka wuce Gainesville, muka haye Red River muka shiga Oklahoma yara na ta waƙa a baya. Mun wuce Marietta da kaɗan sai na ji wani fat daga gaba, fitilar batir ta kama, sitiyari ya yi nauyi kamar ana riƙe shi, esi ya ɗauke, allurar zafi ta fara hawa ina kallonta. Na lallaɓa na sauka a hanyar fita ta farko da na gani wajen Ardmore na kashe ta. Da na ɗaga bonet, fambel ne ya tsinke, guntunsa na lilo kamar tsohon igiyar guga.

Lokacin biyar da rabi ta wuce, zafin watan Yuni irin wanda kwalta ke tashi da shi, kuma duk mai zama ƙasar nan ya san ma'anar yammacin Juma'a, gareji ya rufe sai Litinin, in ka yi sa'a Asabar rabin yini. Wurare biyu na kira, ɗaya bai ɗauka ba, ɗaya ya ce in kawo Litinin. Ku ne na uku. Na ji lokacin da ka rufe bakin wayar kana tambayar wani ko zai iya tsayawa, sannan ka ce mu zauna inda muke janwe na zuwa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ba ka fara da maganar kuɗi ba. Ka leƙa cikin motar ka ga sanduna da hulunan kwano, ka tambayi yaran wace ce mai jifa, 'yata ta ɗaga hannu a kunyace, ka ce ƙarfe nawa ne wasan, ta ce takwas, sai kawai ka juya ka ce wa yaronka ya kira shagon kayan gyara kafin su rufe. Ashe ba fambel ɗin kaɗai ba ne, ƙarfen da ke ɗaure shi ya tamke ne ya ci, shi ya sa ya tsinke, kuma ka kira ni ka sa na juya shi da hannuna na ji yadda yake gurnani, ka ce in an sa sabon fambel a kan wannan ba za mu wuce duwatsun Arbuckle ba zai sake yankewa. Ni da na saba da makanikan da za su canza maka abu uku ba su nuna maka ko ɗaya ba, wannan ya burge ni. Ka duba lagireto ka ce Allah ya taimake ni da na kashe ta da wuri, injin bai taɓu ba.

Wajen ƙarfe shida da rabi na matso na tambaye ka ko akwai ɗan lungun da zan yi sallar la'asar, ina ɗari-ɗari, don gaskiya ban san yadda za ka ɗauka ba, ƙaramin gari ne kuma ga uwargida da 'yar da hijabi. Ka buɗe min ofis ɗinka, ka ture kujera gefe, yaronka ya kawo sabon kwali ya shimfiɗa saboda ƙasan duk baƙin mai ne, har ka rage ƙarar rediyo. Raka'a biyu ce ta matafiyi, minti nawa ne, amma uwargida har yanzu in ta ba da labarin tafiyar daga nan take farawa, ba daga wasan ba.

Su kuwa yaran ko a jikinsu. Ka ce su yi amfani da filin bayan garejin, mai cafka ta sa kayanta ta tsuguna, ƙaramin yaronka ya auna musu ƙafa 43 da tef ɗin aiki ya ja layi da alli, 'yata ta dinga jifa kana leƙowa daga ƙarƙashin bonet kana cewa ta ɗan sassauta kafaɗa. Nan ne ka gaya mana jikarka ma tana bugawa, kuma ku mutanen Oklahoma sofbol kamar gado ne a wurinku. Ai kuwa gaskiyarka, ƙungiyar jami'ar Oklahoma da ke Norman ƙarƙashin koci Patty Gasso ta ci kofin ƙasa sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024, kuma a Oklahoma City ake buga wasannin ƙarshe na jami'o'i duk shekara, har sofbol ɗin gasar Olamfik ta 2028 ma can za a buga duk da Los Angeles ce mai masaukin baƙi. Da 'yata ta ce ita NiJaree Canady, shahararriyar mai jifa ta jami'ar Texas Tech da ke jihar Texas, take so ta zama, ka dafe ƙirji ka ce da ka sani da ka bar mu a bakin titi, kowa ya fashe da dariya har uwargida da tun tsayawarmu ba ta ce uffan ba.

Takwas da kwata aka tada mota, rana ba ta ma faɗi ba. Da ka miƙo rasit na karanta sau biyu ina neman kuɗin janwe da na wuce lokaci ban gani ba, kuɗin kaya ne da aikin awa ɗaya da rabi, alhali kun fi awa biyu a kanta bayan lokacin tashinku. Na yi magana ka ce in saya wa yaran askirim da sauran. Na ɗauko ledar dambun nama na ba samarin, ɗaya ya ɗanɗana ya yi shiru yana taunawa, sai ya ce wannan wane irin nama ne kamar auduga, ya ƙara ɗiba.

Mun hau duwatsun Arbuckle ana kiran magariba a wayata, muka wuce Pauls Valley da Purcell da Norman allura na tsaye a tsakiya ba ta motsa ba, sha ɗaya saura muka shiga otal.

Wasan kuma, to, ba zan yi ƙarya ba, ba mu ɗauko kofi ba. Ranar Asabar wasa uku suka buga na rukuni, irin wanda ake yanke wa lokaci ba sai an cika zagaye bakwai ba, suka ci biyu aka ci su ɗaya, 'yata ce ta yi jifa a biyu daga ciki, hijabinta sharkaf da gumi a ƙarƙashin abin kare fuska, jar ƙasar nan ta Oklahoma ta ɓata farin wandon da har yau wanki bai fitar ba. Lahadi da safe wata ƙungiya daga Kansas ta fitar da su da ci 4 da 3, an yi kuka kaɗan a bayan rumfa, bayan minti goma kuma ana rigima kan inda za a ci abinci. Kafin mu juyo na kai su suka ga babban filin da ake kira Devon Park daga waje, mai ɗaukar mutum 13,000, suka yi ta hotuna.

A hanyar dawowa mun ratse Ardmore mun tsaya ƙofarku, a rufe take kasancewar Lahadi ce. Ƙwallon da kuka tsinta cikin leda a rataye jikin ƙofa ranar Litinin mu ne muka bari, ita aka buga wasan farko da ita, yaran ƙungiyar su goma sha ɗaya duk sun sa hannu, koci ma ya sa. Allah ya saka muku da alheri, ya yi wa sana'arku albarka, ya raya jikar taka. Akwai wata gasar a watan Satumba, zan tsaya ku canza min baƙin mai ko da lokacinsa bai yi ba, uwargida kuma ta ce a gaya wa yaron nan dambunsa na nan tafe, wannan karon mai ɗan yaji.

Naku,
baban mai jifa, daga Irving