Masu binciken shugabanci su shiga ma'aikatu su zauna

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah ka ba ni fili in yi magana da masu karatun harkar mulki da kasuwanci a jami'o'inmu, musamman masu neman digiri na biyu da na digirgir. Duk mai rubutu kan shugabanci da al'adar ma'aikata ya san sunan Farfesa Edgar Schein, kowa na kawo shi a babi na biyu na furojet ɗinsa, amma kaɗan ne suka tsaya suka duba yadda mutumin nan ya yi aikin nasa.

An haife shi a Zurich a 1928, ya yi digirin digirgir a Harvard, yana aikin soja ya yi hira da sojojin Amurka da aka sako bayan yaƙin Koriya dan ya gano yadda aka yi ta ƙoƙarin juya musu tunani a tsare. A 1956 ya koma jami'ar MIT ta Amurka, can ya yi rayuwarsa ta koyarwa, ya rasu a 2023 yana da shekara 94.

Abinda yafi burge ni shine zamansa da kamfanin kwamfuta na DEC wanda Ken Olsen ya kafa a 1957. Tun 1966 yake shiga mitin ɗin manyan kamfanin a matsayin mai ba su shawara, sama da shekara 25 fa yana tare da su. Da farko abinda ya gani shine hayaniya, wannan ya katse wancan, ana ɗaga murya, injiniya ya ƙaryata manaja a gaban kowa, sai ya ɗauka rashin tsari ne ya dinga ba su shawarar su riƙa sauraron juna, su ce masa sun gode, gobe su koma gidan jiya. Sai daga baya ya gane mutanen nan sun yi imani ne cewa ba a sanin shawara mai kyau sai ta sha gardama ta tsira. Ba wanda ya rubuta haka a bango, su kansu ba sa faɗa dan a wajensu abu ne da kowa ya sani. Al'adar nan ta kai su matsayi na biyu a duniya wajen ƙera kwamfuta, kuma tana cikin abinda ya hana su saurin sauyawa da kasuwa ta juya, har kamfanin Compaq ya saye su a 1998. A kamfanin magunguna da sinadarai na Ciba-Geigy da ke Basel a Switzerland kuma akasin haka ya tarar, takardun shawarar da yake rubutawa ba a raba su, saboda aika wa manaja bayanin da bai nema ba kamar ce masa ne bai san aikinsa ba.

To wallahi takardar tambayoyi ba za ta taɓa tono irin wannan ba. Mu kuwa yawanci ita muke rabawa, ma'aikaci ya cike a tsaye cikin minti biyar yana tsoron kar oga ya gani, a zuba a kwamfuta a fitar da tebur shikenan. Alhali ga tambayoyi nan jibge. Me yasa a mitin kowa ke shiru sai maigida ya yi magana sannan a ce haka ne ranka ya daɗe, amma ana fitowa bakin mota ka ji ra'ayin gaskiya? Me yasa kasuwanci da yawa ke watsewa da zarar an raba gado, wasu kuma su kai jikoki? Yaya amana ke aiki tsakanin maigida da yaran shago a Kantin Kwari, a ba yaro kaya masu yawa ba takarda ba sa hannu? Ko binciken Hofstede kan bambancin al'adun aiki tsakanin ƙasashe, da muke ta jingina da shi, Najeriya da Ghana da Saliyo ya haɗa a kwando ɗaya ya kira su Afirka ta Yamma.

Roƙona ga malamai masu duba aikin ɗalibai, su yarda ɗalibi ya yi wata shida ko shekara a ma'aikata ɗaya yana kallo yana rubutawa, a karɓi wannan a matsayin cikakken bincike. Su kuma 'yan kasuwa da shugabannin ma'aikatu su buɗe masa ƙofa, a yi alƙawarin ɓoye sunaye in shine abin tsoron.

Nagode.
Naka mai karatu, daga Zariya